Gishirin Bilma

Gishirin Bilma, wanda Hausawa suka fi sani da Balma, gishiri ne da ake haƙowa a dausayin Kawar da ke arewa maso gabashin Nijar, cikin jihar Agadez, kuma shi ne babbar sana'ar Barebari da Tubawan da ke zaune a wurin tun ƙarnoni da dama. Manyan mahaƙun suna Kalala, kusa da garin Bilma, da kuma Fachi da ke yamma da shi.

Masu aikin sukan haƙa ramuka har su tarar da ruwan zartsi, sa'an nan su bar wa rana sauran aikin: yayin da ruwan ke ƙafewa, gishiri yakan yi ɓawo a samansa, ana farfasa shi yana nitsewa ƙasa har ya taru a kwashe. Mafi tsabta shi ne beza, na miya. Wanda ya gauraya da ƙasa kuwa ana kwaɓa shi, a cusa cikin turmin kututturen dabino, a kife shi ya bushe ya zama kantu, wanda makiyaya ke saya wa dabbobinsu su lasa.

Gero ba ya yi a Kawar, saboda haka rayuwar mutanen wurin ta rataya ne a kan ayarin Abzinawa. Wajen watan Oktoba ayarin ke tasowa daga Abzin a ƙarƙashin madugu, ya ratsa hamadar Tenere, raƙuma na ɗauke da hatsi da kuma ciyawar da za su ci, wadda akan ajiye wani kaso nata a hanya domin dawowa. A Bilma ake musayar gero da gishiri da dabino, daga nan a koma Abzin, sa'an nan a gangara kudu zuwa kasuwannin Damargu da Damagaram da Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, irin wannan ayari ya biyo daga Abzin a ƙarshen 1850.

Farin shekarun 1970 da 1980 ya hallaka raƙuma masu yawa, manyan motoci kuma suka karɓe wani ɓangare na jigilar. Duk da haka ayarin bai mutu ba, domin mai raƙumi ba ya sayen mai, kuma makiyaya da dama har yanzu sun fi amincewa da kantu a kan gishirin masana'anta.