Inshorar gida marar iyaka

Inshorar gida marar iyaka nau'i ne na yarjejeniya da kamfanin inshora ke ɗaukar alkawarin biyan duk abin da gyaran gida ko sake gina shi zai ci bayan gobara, ambaliya, guguwa ko wata masifa da aka ambata a takarda, ba tare da an rubuta wani adadin kuɗi da diyya ba za ta wuce shi ba. Wasu kamfanonin Birtaniya suna sayar da ita ga masu gidajen zama, akwai irinta a Amurka da Ostareliya, kuma ita ce aka saba da ita a Niyu Zilan har zuwa wajen shekarar 2013. Kishiyarta ita ce yarjejeniya mai ƙayyadadden adadi, inda mai gida ke faɗin abin da yake ganin ginin zai ci, kamfani kuma ba ya biyan ko kwabo fiye da haka. Sunan ya fi abin da ke cikin takardar faɗi, domin iyakar jimilla kaɗai ake cirewa, ƙananan iyakoki da sharuɗɗa kuwa suna nan daram.

Asali

Inshorar gidaje ta zamani daga gobara ta samo tushe. A watan Satumban 1666 wuta ta yi kwana huɗu tana ci a birnin Landan, ta cinye gidaje kimanin 13,200 da majami'u 87. Bayan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, wato a 1680 ko 1681 gwargwadon majiyar da aka bi, likita kuma ɗan kasuwar gine-gine Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara a birnin, inda ake lissafa kuɗin da mai gida zai biya bisa kuɗin hayar gidan, kuma mai gidan katako yake biyan ninkin abin da mai gidan bulo ke biya. Birnin Hamburg na Jamus ya riga shi da asusun gobara da aka kafa a 1676. Kamfanonin da suka biyo baya, irin su Hand in Hand a 1696 da Sun a 1710, sukan kafa alamar ƙarfe a bangon gidan da ya yi rajista da su. Labarin da ake yawan bayarwa cewa 'yan kwana-kwanan kamfani sukan tsaya suna kallon gidan da ba ya ɗauke da alamarsu yana ƙonewa, masana tarihi da dama suna shakkar ingancinsa.

A duk tsawon wannan zamani adadin diyya rubutacce ne, kuma ƙa'idar ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin asarar, kada ya ci riba da ita. Daga nan ne aka sami sharaɗin da ya fi kowane cutar da masu gidaje, wato biyan diyya gwargwadon kason da aka yi wa inshora. Misali, idan sake gina gida zai ci fam 400,000 amma mai shi ya rubuta fam 300,000, sai wuta ta kama a ɗakin girki ta yi ɓarnar fam 40,000, kamfanin da ke aiki da wannan sharaɗi zai iya cewa kashi uku cikin huɗu na gidan kawai aka biya wa kuɗi, ya ba shi fam 30,000, ya bar shi da cike giɓin fam 10,000 daga aljihunsa, alhali ɓarnar ba ta ko kusanci adadin da ke kan takarda ba. Yarjejeniya marar iyaka an ƙirƙiro ta ne domin kawar da wannan haɗari guda ɗaya, wato kuskuren ƙiyasi.

Jamusawa sun bi wata hanya ta daban. Suna ƙiyasta darajar gini da farashin shekarar 1914, shekarar ƙarshe da kuɗinsu ke da madogarar zinariya kuma farashin gini bai fara tashin gwauron zabi ba, sannan a riƙa ninka adadin kowace shekara da ma'aunin tsadar kayan gini da ladan ma'aikata. Idan aka yi ƙiyasin ta hanyar da kamfani ya amince da ita, kamfanin yakan yafe haƙƙinsa na rage diyya, abin da ya sa tsarin ya yi kusa da marar iyaka ko da ba a kira shi haka ba.

Amurka

A shekarun 1980 kamfanonin Amurka da yawa sun riƙa sayar da yarjejeniyar da ke lamunce cikakken kuɗin sake gini. Masifu uku da suka zo a jere suka girgiza ta. A watan Oktoban 1991 wutar daji ta auka wa tsaunukan Oakland a jihar Kalifoniya, ta kashe mutum 25, ta ƙone gidaje wajen 3,000, kuma rigimar da ta biyo baya tsakanin masu gidaje da kamfanoni ta nuna cewa an ƙiyasta gidaje masu yawa ƙasa da abin da gina su zai ci. A watan Agustan 1992 guguwar Andrew ta faɗa wa kudancin jihar Fulorida, asarar da ta hau kan kamfanonin inshora ta haura dala biliyan 15, wasu ƙanana daga cikinsu suka durƙushe. Sai kuma girgizar ƙasa ta Northridge, a yankin birnin Los Angeles, a watan Janairun 1994.

Abin da kamfanonin suka gano shi ne farashin gini ba ya tsayawa wuri ɗaya bayan babbar masifa. Idan gida ɗaya ya ƙone, ana samun magina da katako a farashin kasuwa. Idan gidaje dubbai suka rushe a rana guda, kowa yana neman magini da kafinta da kwanon rufi a lokaci ɗaya, farashi ya yi sama, kamfanin da ya yi alkawari marar iyaka kuma shi zai haɗiye ƙarin. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanoni sun janye alkawarin a yawancin yarjejeniyoyinsu, suka maye gurbinsa da ƙarin kaso a kan adadin da aka rubuta, galibi kashi 20 ko 25 cikin ɗari. Har yanzu ana samun cikakken lamunin, amma a wajen kamfanoni ƙalilan, musamman masu hulɗa da gidaje masu tsada.

Niyu Zilan

Babu ƙasar da ta gwada wannan tsari a aikace kamar Niyu Zilan. Kafin 2010 mafi yawan masu gidaje a can ba sa faɗin wani adadin kuɗi, faɗin gidan kawai suke bayarwa da murabba'in mita, kamfani ya ɗauki alkawarin sake gina gida mai wannan girman ko nawa zai ci. Hukumar gwamnati mai kula da girgizar ƙasa, EQC, ita ce a lokacin ke biyan dalar Niyu Zilan 100,000 ta farko a kan ginin, ban da haraji, kamfanoni masu zaman kansu su ɗauki abin da ya haura.

Ranar 4 ga Satumban 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.1 ta auku a yankin Canterbury. Ranar 22 ga Fabrairun 2011 wata mai ƙarfin kusan 6.3 ta biyo baya dab da birnin Christchurch, ta hallaka mutum 185. A unguwannin gabashin birnin ƙasa ta jiƙe ta koma taɓo, harsasan gidaje suka tsage, wasu suka karkace, har ya zama sake gini yana buƙatar sabon harsashi mai tsada wanda babu wanda ya sa shi a lissafi lokacin da ake sayar da yarjejeniyoyin. Kamfanin AMI, wanda cibiyarsa ke birnin kuma yake riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na inshorar gidajensa, ya nemi agajin gwamnati, a watan Afrilun 2011 aka ba shi lamunin da ya kai dalar ƙasar miliyan 500. A 2012 aka sayar da ɓangarensa mai lafiya ga kamfanin IAG, buƙatun diyyar girgizar ƙasar kuma aka miƙa su ga Southern Response, kamfani mallakar gwamnati.

Masu gidajen da ke da yarjejeniya marar iyaka sun sami kariyar da ƙayyadadden adadi ba zai ba su ba, sai dai da yawansu sun shafe shekaru suna jayayya a kan ko gidan na gyara ne ko na rushewa, da kuma me ake nufi da mayar da shi kamar sabo, wasu har gaban kotu. A ɗaya gefen, manyan kamfanonin ƙetare da ke yi wa kamfanonin inshora inshora sun ce ba za su ci gaba da ɗaukar nauyin da ba su san girmansa ba. Daga 2013 kasuwar ta koma ga ƙayyadadden adadi, nauyin ƙiyasi ya dawo wuyan mai gida. Wasu kamfanoni daga baya sun dawo da cikakken lamuni, amma ga gobara da makamantanta, ban da girgizar ƙasa.

Ostareliya

Bayan wutar dajin da ta ƙone gidaje wajen 500 a Canberra a watan Janairun 2003, hukumar ASIC mai sa ido kan kamfanoni da harkokin kuɗi a ƙasar ta fitar da rahoto a 2005 da ya nuna yawaitar gidajen da aka yi wa inshora ƙasa da kima. Kamfanoni kaɗan ne ke sayar da cikakken lamuni a ƙasar.

Yadda take a Birtaniya a yau

A Birtaniya inshorar gida kashi biyu ce, ta ginin da ta kayan ciki, kuma bankunan da ke ba da bashin sayen gida suna sharɗanta ta ginin. Adadin da ake buƙata shi ne kuɗin sake gini, wanda ya haɗa da kwashe ɓaraguzai da ladan masu zanen gini da cika ƙa'idojin gini na yanzu. Ba shi ne farashin gidan a kasuwa ba, tunda fili ba ya ƙonewa, kuma a wurare irin su Landan kuɗin fili ne ke ɗaukar babban kaso na farashin. Cibiyar BCIS mai tattara bayanan tsadar gini tana samar da ma'aunin ƙiyasin kuɗin sake gini da jama'a ke amfani da shi ta intanet. Kamfanoni da yawa sun daina tambayar adadi, suna duba yawan ɗakunan kwana da shekarun gidan da unguwar da yake, sannan su sa iyaka mai faɗi kamar fam 500,000 ko fam miliyan ɗaya, wasu kuma su cire iyakar gaba ɗaya.

Ko an cire ta, akwai iyakokin da ke cikin takardar. Abu guda mai daraja yana da nasa adadin, wanda a yarjejeniyoyi da yawa bai wuce fam dubu ɗaya zuwa biyu da 'yan kai ba, sai in an ambaci abin da sunansa an biya masa ƙarin kuɗi. Matar da aka sace wa sarƙar gwal ta fam 5,000 daga akwatinta, idan iyakar abu guda fam 2,000 ce kuma ba a rubuta sarƙar daban ba, fam 2,000 za ta karɓa, komai girman kalmar marar iyaka a fuskar takardar. Haka tsabar kuɗi da kekuna da kayan da ke cikin rumfar bayan gida, da kuɗin hayar wurin zama yayin da ake gyara, kowanne yakan zo da nasa ma'aunin. Mai gida kuma shi ke ɗaukar kason farko na kowace asara, wanda ga lotsawar ƙasa ƙarƙashin harsashi yakan kai fam 1,000. Lalacewar da tsufa ko rashin kula ya jawo ba ta cikin abin da ake biya, kuma barin gida babu kowa fiye da kwana 30 ko 60 yakan dakatar da wani ɓangare na kariyar. Dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ba kamfani damar rage diyya idan an yi sakaci wajen amsa tambayoyinsa, da soke yarjejeniyar idan da gangan aka yi ƙarya, saboda haka wanda ya ce ɗakunan kwana uku gare shi alhali huɗu ne bai tsira daga ragin ba.

Ko ta cancanci kuɗinta

Amsar ta dogara ne ga tazarar da ke tsakanin kuɗin sake gina gidan da iyakar yarjejeniyar da ake kwatanta ta da ita. Gida na yau da kullum da sake gina shi ba zai wuce fam 300,000 ba, iyakar fam miliyan ɗaya da rashin iyaka duk ɗaya ne a wajensa, don haka biyan ƙarin kuɗi saboda sunan kawai ba shi da wata fa'ida, kuma ya fi kyau a kwatanta ƙananan iyakoki da kason farko da yadda kamfanin ke sallamar masu neman diyya. Amfaninta ya fi fitowa ga wanda ya yi wa gidansa ƙari bai sabunta ƙiyasi ba, da lokacin da farashin kayan gini ke tashi da sauri fiye da yadda ake gyara adadin kowace shekara. Gidajen da ƙiyasinsu ya fi wuya kuwa, irin su tsofaffin gine-ginen tarihi da doka ta hana a sauya musu fasali, da masu rufin ciyawa, da manya masu ɗakuna da yawa, su ne kamfanonin da ke sayar da ita suka fi ƙin karɓa, sai su tura masu su wajen ƙwararren mai ƙiyasi da kamfanoni na musamman. Ɗan haya ba ya buƙatar inshorar gini, mazaunin bene mai gidaje da yawa kuma galibi mai ginin ne ke yi wa kowa.

Masu sukar tsarin suna cewa yana iya sa masu ƙananan gidaje su tallafa wa masu manya ta hanyar farashi, masu goyon bayansa kuma suna cewa kamfani ya fi mai gida sanin kuɗin gini, don haka shi ya kamata ya ɗauki nauyin kuskure.

Matsayin malaman Musulunci

Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta halatta ta taimakekeniya, wadda aka fi sani da takaful. Wasu malamai sun saɓa wa wannan, wasu kuma sun yi rangwame inda doka ko larura ta tilasta. An kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin gudanar da shi a 2013.