Tabon da ba ya shiga rahoto: tambayoyi kan zanen zamani da tashin hankali

Me ya haɗa mai zane da rikicin siyasa?

Idan aka kai hari a wani ƙauyen Tilaberi ko Difa, abin da ke iso mu a Yamai adadi ne: mutum kaza sun rasu. Kwana uku an manta. Mai zane yakan tsaya kan abin da adadin ya haɗiye, kamar takalmin da aka bari a bakin hanya ko gyalen da mai shi ba ta dawo ba.

Me ya sa jikin mutum ke yawan fitowa a irin wannan aiki?

Domin a kan jiki abin ke sauka. Bulala, harsashi, fyaɗe, yunwar gudun hijira, duk fata ce ke ɗauka. Mu ma mun san jiki allo ne. Askar wanzami a kumatu takan faɗi asalin mutum kafin ya buɗe baki, a ranar rikici kuma wannan zanen na iya cetonsa ko ya tona shi.

To dole sai an nuna jini da gawa?

A'a, kuma a ganina ayyukan da suka fi taɓa zuciya ba su nuna ba. Abdoulaye Konaté, ɗan Mali da aka haifa a Dire a 1953, shadda yake yankawa tsiri-tsiri, a rina, a ɗinke ta kamar katon bango, da ita yake magana kan yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Shaddar nan da muke kai wa tela don Sallah. A Kolombiya, Doris Salcedo ta sa an narkar da tan 37 na makaman 'yan tawayen FARC, aka yi daɓen wani gini a Bogota da su a 2018. Matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙin su suka buga fallayen ƙarfe da guduma, a kan siffarsu aka zuba daɓen. Duk wanda ya shiga, a kan bindiga yake takawa.

Ba addini ya hana zana mai rai ba?

Malamai da yawa sun hana, wasu sun sassauta, wannan a koma gare su. Amma zayyana da harafi da launi fili ne mai faɗi. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin allo ne, daga lanƙwasar haruffan Larabci ya gina salonsa. Da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba, a kan guntayen takardar buhun siminti yake zane, ya binne su cikin yashi kada gandirobobi su gani.

A Yamai fa?

Muna da gidan tarihi na Boubou Hama tun 1959, da cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Hukuma ma ta san nauyin hoto: a Oktoban 2024 aka cire siffar Monteil, hafsan mulkin mallaka, aka sa ta Thomas Sankara. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne gadar Kennedy, inda aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairun 1990. Duk sanda na haye ta zuwa Harobanda, cikin hayaƙin babura, ina jin da ma wani matashinmu zai ɗinka riguna uku na shadda ya rataye su a bakin kogin.