Waiwaye: Yadda aka auna cikin ƙasar Zamfara da Kebbi

Tun da aka ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, tambaya guda ke yawo a majalisun hira daga Gusau har Birnin Kebbi: mu fa, me ke ƙarƙashin tamu ƙasar? Wasu na rantsuwa cewa akwai mai a Kwarin Sakkwato ana ɓoyewa. Wasu kuma sun yi imani jiragen da suka taɓa shawagi ƙasa-ƙasa a kan dazukanmu zinare suke hangowa. Tambayar tana da amsa, domin an shafe fiye da shekara 100 ana auna wannan ƙasa, kuma da yawa daga cikin masu awon 'yan ƙasar nan ne.

Turawan mulkin mallaka sun fara binciken ma'adinan Arewa a 1904, suka kafa hukumar binciken ƙasa a 1919. Aikin wancan lokaci na ƙafa ne da guduma, abin da ido ya gani shi ake rubutawa. A haka aka fara fitar da zinare a hukumance wajen 1913, kasuwarsa ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita.

Abin da ya sauya lissafi shi ne awon jan ƙasa. Ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ba daidai yake a ko'ina ba. Inda dutse mai nauyi ke kwance a ƙarƙashi, jan yakan ɗan ƙaru. Inda yashi da laka suka taru da kauri, yakan ragu. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ana maganar kashi 1 cikin miliyan, sai na'ura mai ɗan siririn sifirin a ciki ke iya kama shi. Mai awo zai tsaya a gefen hanya, ya daidaita na'urar, ya rubuta lamba da lokaci da tsayin wurin daga teku, ya matsa gaba ya sake, dubban wurare.

A wannan fage sunan Farfesa Deborah Ajakaiye ba ya ɓoyuwa. An haife ta a 1940 a yankin Jos, ta yi digirin farko a fannin fiziks a Ibadan a 1962, ta ƙaro karatu a Birmingham ta Ingila, sannan ta sami digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970. Ta auna duwatsun Filato masu kuza, ta nuna jan ƙasa yana raguwa a kansu saboda ba su kai na kewayensu nauyi ba. A 1973 ita da Kevin Burke, wanda ya taɓa koyarwa a Ibadan, suka fitar da taswirar jan ƙasa ta Nijeriya. A 1980 ta zama farfesa, ana kuma lissafa ta a matsayin mace ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi a fiziks. Ina ganin ya kamata kowace ɗalibar kimiyya a makarantun 'yan matanmu ta san cewa a Samaru aka yi wannan aiki, da ɗalibai irinta.

Babban abin da wannan awo ya fito da shi fili shi ne sirrin Kwarin Binuwai. Tun 1965 wasu masana biyu, Cratchley da Jones, suka lura cewa jan ƙasa yana da ƙarfi a tsakiyar kwarin, yana da rauni a gefe biyu. Fassarar da ta tabbata daga baya ita ce: fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta fuska uku a inda bakin tekunmu yake yanzu. Tsaga biyu suka buɗe suka zama Tekun Atlantika, ta ukun ta fara ta tsaya. Kamar kwaɓin fulawa ne idan aka ja shi ta gefe biyu, tsakiyarsa ta sirance ta lotsa. Dutse mai nauyi ya taso daga ƙasa, laka mai kaurin kilomitoci ta cike lotsawar. A shekarun 1980 Derek Fairhead na Jami'ar Leeds da C. S. Okereke suka bi sawun tsagar da lambobin jan ƙasa, ta bayyana cewa reshe ce ta wani dogon jerin tsagogi da ya ratsa Nijar da Chadi har Sudan. A cikin wannan jeri aka sami man Doba na Chadi da na Agadem na Nijar, wanda matatar Damagaram ke tacewa tun 2011. Kolmani ma a kan reshen yake.

Tamu ƙasar tarihinta daban. Yammacin Kebbi da Sakkwato gefen wani faffaɗan kwari ne, Iullemmeden, wanda zurfinsa ke can cikin Nijar da Mali. Teku ya taɓa malalowa nan, shaidarsa ƙasusuwan halittun ruwa da aka tono a wajen Wurno da Dange, da dutsen Kalambaina da ake siminti da shi. Sai dai lakar da ta kwanta a ɓangarenmu ba ta kai kaurin ta Binuwai ba, mai kuwa yana buƙatar zurfi da zafi kafin ya nuna. Don haka duk wanda ya yi alkawarin fetur a nan, a tambaye shi kaurin lakar da ya auna. Arzikin da aka tabbatar a wannan kwari ruwa ne: shimfiɗar yashin da masana suka raɗa wa sunan Gwandu tana riƙe da ruwa mai yawa, har akwai wuraren da in an huda yake tasowa da kansa.

Gabashin Kebbi da mafi yawan Zamfara kuwa tsohon dutse ne da ya murɗe ya naɗe wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. A nan ake da zirin duwatsu masu ɓarewa falle-falle na Anka da Maru da Zuru, da wata doguwar tsaga da ta bi ta Anka ta gangara Yawuri. Ruwan zafi ya bi ta irin waɗannan tsagogi ya bar jijiyoyin farin dutse, a cikinsu zinaren yake.

Nan ne maganaɗisu ya shigo. Baƙin yashin nan da ke kwanciya a kwazazzabo bayan ruwan sama, wanda yara ke kwasa da mayen ƙarfen tsohuwar rediyo, shi ne abin da na'urar jirgi ke ji a cikin dutse. An yi awon farko ta sama a shekarun 1970, layi da layi tazarar kilomita 2. Daga 2003 zuwa wajen 2010 kamfanin Fugro ya sake yi wa hukumar binciken ƙasa, da tallafin Bankin Duniya a wani ɓangare, jirgi na tafiya mita 80 daga ƙasa, tazarar layi mita 500. Zinare ba ya jan maganaɗisu, jirgin ba ya ganinsa. Abin da taswirar ke nunawa shi ne inda dutse ya karye da inda ya sauya, sai masani ya je da ƙafarsa ya ɗebo samfuri.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a daidai lokacin da ake kammala wannan awo, a 2010, aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Jijiyar da ke ɗauke da zinare a can tana ɗauke da dalma. Ana kawo dutsen gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙura ta bi ɗaki da tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasu. Masana sun daɗe da sanin cewa zinare da dalma kan zauna a jijiya guda, amma sanin bai iso bakin rami ba.

Daga nan maganar ta koma ta tsaro. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta hana shawagin jirage a Maris na 2021, ta ɗage haramcin haƙar a Disamban 2024. Ramukan sun buɗe a hukumance, taswirorin kuwa suna hannun hukumar a Abuja, kamfanoni da masu bincike ke zuwa saye. Yanzu akwai jami'o'in tarayya a Gusau da Birnin Kebbi, ga ta jiha a Aliero. Gwamnatocin jihohin biyu za su iya sayo bayanan yankinsu su damƙa wa waɗannan jami'o'i, a haɗa da gwajin dutsen kowane rami, a fitar da sakamakon da Hausa, ta yadda mai haƙa a Maru ko Bin Yawuri zai san dutsen da bai kamata ya shiga da shi gida ba.