Soyayya da kamun kai a ƙagaggun labaran Girkanci na zamanin Rumawan Gabas

A ƙarni na 12, lokacin mulkin gidan Komnenos a Kustantiniyya, babban birnin daular Rumawan Gabas, malaman fada suka farfaɗo da rubuta labaran soyayya da Girkanci bayan an daɗe da barin wannan fanni. Marubuta huɗu ne aka sani: Theodoros Prodromos, Niketas Eugenianos, Eumathios Makrembolites da Konstantinos Manasses, wanda gutsattsarin aikinsa kaɗai suka tsira. Sun bi sahun marubutan labaran soyayya na Girkanci na zamanin da, irin su Heliodoros da Akilis Tatios, waɗanda tun a ƙarni na 9 babban limamin coci Fotios ya auna su da ma'aunin ɗa'a, ya yaba wa na farko, ya zargi na biyu da batsa.

Tsarin labaran kusan ɗaya ne: saurayi da budurwa su kamu da son juna, su gudu daga gida, 'yan fashin teku ko yaƙi su raba su, su faɗa bauta, daga bisani a haɗa su da aure. Abin da ke riƙe da labarin shi ne budurcin yarinyar, kuma a kanta nauyin ya fi sauka. A littafin Makrembolites, ana sa wa Hisimine, budurwar labarin, kambin ganye, ta shiga maɓuɓɓugar da ke gindin gunkin allahiya Artemis a garin Artikomis a gaban jama'a. Idan ta taɓa sanin namiji, gunkin zai ɗana mata baka, ta sunkuya don tsoro, ruwa ya tafi da kambin. Saurayin kuwa ana bayyana mafarkansa na sha'awa dalla-dalla, ba tare da mutuncinsa ya zube ba. Wannan rashin daidaito ba ƙarami ba ne.

Marubutan Kiristoci ne, amma sun ajiye labaransu a duniyar gumakan da, abin da ya ba su sararin zancen sha'awa a ƙasar da tun zamanin Sarki Leo na Shida doka ta wajabta albarkar coci kafin aure ya halatta.

Bayan faɗuwar Kustantiniyya a hannun mayaƙan Yamma a 1204, sababbin labarai suka fito cikin harshen da ya fi kusa da maganar jama'a. A "Kallimakos da Kirisorowe" da "Beltandiros da Kirisanza", masoya na saduwa kafin ɗaurin aure, marubucin bai tsine musu ba. Abin da ake gwadawa yanzu shi ne riƙon alkawari ga masoyi guda, kuma har yau masana na muhawara kan rawar da labaran Faransa suka taka a wannan sauyi.