Tarihin rigimar "ai a kwamfutata tana aiki"

Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja ya kai wa wani a filashi ya san ciwon kan nan, a wajenka tana tashi lafiya lau, a wajen mutumin kuma ta ce sam sai an kawo mata wani fayil da babu shi. Ba yau abin ya fara ba.

Zamanin Unix, wani tsohon tsarin gudanar da kwamfuta, ɗanyen kod ake turo maka ka haɗa da kanka da wata manhaja mai suna make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976. Duk laburaren (wato shiryayyen kod na wasu) da manhajar ta dogara da shi kai za ka nemo, ka samo ɗin kuma sai ka tarar shi ma akwai wanda yake jira. Debian, wani nau'in tsarin Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, ta zo da dpkg, takwararta Red Hat kuma da RPM, duka biyun hanyoyin saka manhaja ne a ƙunshe, kowane ƙunshi na ɗauke da jerin abin da yake buƙata, amma fa faɗa maka kawai zai yi, ba zai ɗauko ba. Sai da APT na Debian ya fito a 1998 aka samu mai bin jerin yana saukewa da kanshi.

To amma sauƙin na mai intanet ne. Kwamfutar da ke wata makaranta ko asibitin ƙauye ba sabis, APT ba abin da zai tsinana mata, dole ka je inda akwai data ka sauke komai har da na ƙarƙashi ka dawo, ɗaya ya ɓace ka sake komawa.

Wata mafitar kuma ita ce cusa manhaja da duk abin da take buƙata wuri ɗaya. Docker ya zo a 2013, kusan tsarin gudanar da kwamfutar gaba ɗaya yake naɗewa tare da manhajar, sai dai nauyi, ɗaruruwan megabait saboda 'yar ƙaramar manhaja. AppImage fayil ɗaya ne tal, shi kuma in ka haɗa a sabuwar Linux sai glibc, wato babban laburaren Linux, na tsohuwa ya ƙi karɓa, gara ka haɗa a tsohuwar tun farko.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Android. A da APK, wato fayil ɗin saka manhaja a waya, guda ne, ka tura wa abokinka ta Xender ya saka shi kenan. Daga Agustan 2021 Google ta wajabta App Bundle, wato tsarin rarraba manhaja gutsu-gutsu, ga sababbin manhajoji, Play Store na yanko wa kowace waya gutsattsarin da suka dace da ita, wanda ya kwafi babban fayil ɗin kaɗai sai wayar ta ce ba ta saka ba, mutane su yi ta zagin wayar.