Ma'anar Tashin Zuciya da Jirin Mota, da Abin da Ake Yi Musu a Gida

Tashin zuciya shi ne rashin daɗin da mutum kan ji daga ƙahon zuciya zuwa maƙogwaro, wanda ke sa ya ji kamar amai na tafe, ko da aman bai zo ba. Sau da yawa yakan zo da tsinkewar miyau, da zufa mai sanyi, da mutuwar jiki, da ƙyamar warin abinci. Zuciyar da ake nufi a nan ba wadda ke harba jini ba ce, domin Bahaushe yakan kira tsakiyar ƙirji da saman ciki zuciya, shi ya sa idan mai laulayi ta ce zuciyarta na tashi, babu wanda zai yi zaton ciwon zuciya take nufi. Ya kamata kuma a bambanta shi da jiri, wanda mutum ke ganin ƙasa na juyawa, da ƙwannafi, wanda zafi ne ke tasowa daga ciki zuwa wuya. Tashin zuciya alama ce, ba cuta ba, kuma abubuwa da dama ke kawo shi: juna biyu, gurɓataccen abinci, zazzaɓin cizon sauro, ciwon kai na ɓari guda, wasu magunguna, da tafiya a abin hawa.

Wannan na ƙarshe shi ake kira jirin mota ko jirin tafiya, kodayake yawanci cewa kawai ake yi wane mota na sa shi amai. Ba sabon abu ba ne, domin kalmar da Turawa ke kiran tashin zuciya da ita ma asalinta daga kalmar Girkanci ce mai nufin jirgin ruwa. Mutane kan ɗora laifin a kan ciki ko abin da aka ci da safe, alhali tushen matsalar yana cikin kunne da ido. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, tare da wasu 'yan jakunkuna 2, waɗanda aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa duk wani motsi da kai ya yi. Ɗauki fasinjar da aka cusa a kujerar baya ta bas, buhuna a ƙarƙashin ƙafarta, tagar a rufe, ta sunkuyar da kai tana duba waya. Idonta yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa a zaune take wuri ɗaya, kunnenta kuwa yana ba da labarin kowane rami da kowace kwana. Saɓanin waɗannan saƙonni shi ke tayar da zuciya. Hujja mai ƙarfi a kan haka ita ce mutanen da wannan sashe na kunnensu ya daina aiki gaba ɗaya ba sa kamuwa da jirin tafiya. A 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana ɗaukar wannan ruɗani a matsayin alamar an ci guba, sai ta umarci ciki ya fitar da abin da ke cikinsa.

Rashin wannan saɓani tsakanin ido da kunne ne ya sa da wuya a ga direba yana amai, ko a hanya mai kwana-kwana irin ta hawan tsaunin Mambila, saboda idonsa na kan titi kuma jikinsa ya san kwanar kafin a shige ta. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su suka fi fama da shi, sai mata masu juna biyu da masu ciwon kai na ɓari guda.

Idan aka fahimci haka, za a ga cewa magani na farko ba abin haɗiya ba ne, wurin zama ne, kuma a ganina kuɗin da mutum zai ƙara a tasha don ya samu gaban mota sun fi kuɗin kowace ƙwaya amfani. A zauna ana fuskantar inda aka nufa, a kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa, a jingina kai da kujera don rage girgizarsa, a ajiye waya da littafi. A jirgin ruwa tsakiya ya fi natsuwa, a jirgin sama kuwa kujerun da ke daidai fiffike. Wanda bai samu taga ba, ya rufe ido ya riƙa jan numfashi a hankali. Iska mai kaɗawa tana taimakawa ƙwarai, musamman inda warin fetur ya haɗu da turare da zafi.

Daga cikin abubuwan da ake samu a kowane gida, citta ce aka fi bincikawa. A 1988 an gwada ta a Denmark a kan ɗaliban sojan ruwa 80 da ke kan teku, inda waɗanda aka ba giram 1 na garin citta suka samu raguwar amai da zufa mai sanyi idan aka kwatanta da sauran. Ana iya daka ɗanyar citta kamar girman kan babban yatsa, a zuba a kofin ruwan zafi, a rufe na minti 10, a tace, a sa zuma kaɗan, a sha kafin a kama hanya, domin riga-kafi ya fi aiki a nan fiye da jira sai zuciya ta fara tashi. Wasu kan sa ɗan yanki a baki suna tsotsa. Sai dai yawanta kan jawo ƙwannafi, kuma mai shan maganin tsinka jini ya nemi shawarar likita tukuna.

Lemun tsami ma tsohon abokin matafiya ne: a kankare bawonsa da farce a riƙa shaƙa, ko a matsa kaɗan a ruwan sha. Haka nan ganyen na'a-na'a, a shayi ko a murje shi a tafin hannu. Akwai kuma wata dabara daga likitancin gargajiya na Sin, wadda ake auna faɗin yatsu 3 daga gaɓar wuyan hannu ta ciki, a danna tsakanin jijiyoyi biyun da ke wurin na 'yan mintuna. Sakamakon gwaje-gwajenta ya sha bamban, amma ba ta da illa, ba ta kuma cin ko kobo.

Batun abinci kuwa, kuskure ne a ƙi cin komai don gudun amai, domin ciki wayam yakan ƙara tsananta abin. A ci ɗan abu mara maiƙo, kamar koko da burodi ko busasshen biskit, a bar tsire da wainar da ta sha mai sai an sauka. Ruwa kuma a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Idan aman ya riga ya zo, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara, don haka a haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba su cokali-cokali. Ƙwayoyin jirin tafiya da ake sayarwa a kemis suna aiki idan an sha su kafin tashi, amma yawancinsu na sa barci, saboda haka ba na mai tuƙi ba ne. Jirin mota yakan lafa bayan an sauka. Idan bai lafa ba, ko aka ga jini a aman, ko ya zo da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, matsanancin ciwon ciki ko na ƙirji, ko mai juna biyu ta kasa riƙe ko da ruwa, to wannan ya wuce na citta da lemun tsami, sai a garzaya asibiti.