Kafin Ka Shiga Ajin Ƙarfafa Tsokokin Ciki da Baya

Ciwon baya ya zama ruwan dare, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. Shi ya sa nake murna idan na ji wani ya yi niyyar shiga ajin da ake ƙarfafa tsokokin tsakiyar jiki a wurin motsa jiki. Tsokokin nan sun haɗa da na ciki, da na gefen ciki, da waɗanda ke riƙe ƙashin baya, da na ƙasan mara, kuma su ne ke tallafe gangar jiki duk sanda mutum ya sunkuya ko ya ɗauki kaya. Hukumar ta ba manya shawarar yin atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Atisaye a cikin jama'a yana da amfani, saboda ganin wasu yana ƙara kuzari, ga kuma mai horarwa da zai gyara maka kuskure. Sai dai a nan ɗin ne matsala ke ɓoye. Sabon shiga yakan dubi na kusa da shi, wanda ya daɗe yana zuwa, ya ce lallai sai ya kamo shi. Ɗauki atisayen da ake yin rub da ciki, a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, a ɗaga jiki ya miƙe sambal. Da zarar tsokokin ciki sun gaji, sai ƙugu ya fara lotsawa ƙasa, kafaɗu su hau rawa, mutum ya cije baki ya riƙe numfashi yana jiran a ce lokaci ya cika. A wannan halin nauyin ya bar ciki ya koma kan ƙasan baya, wato wurin da aka zo karewa. Daƙiƙa 15 da jiki a miƙe sun fi minti guda da baya a lotse, kuma babu abin kunya idan ka sauke gwiwoyinka a kan tabarma ka ci gaba daga nan.

Maganar numfashi ba ƙarama ba ce. Riƙe shi lokacin yunƙuri yana sa jini ya hau na ɗan lokaci, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, sannan kowa ya saba da fitar da iska a daidai lokacin da yake yunƙurawa.

Ina roƙon duk mai shirin zuwa ya isa da wuri, ya gaya wa mai horarwa halin da jikinsa yake ciki. Mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba (musamman idan tiyata aka yi mata), da mai gwaiwa, da wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki ko a baya, duk suna buƙatar amincewar ma'aikacin lafiya tukuna. Ƙwararren mai horarwa yana da sauƙaƙƙen salo na kowane atisaye, amma ba zai san kana buƙatarsa ba sai ka faɗa.

Wasu kuma rage tumbi ne ke kai su. Gaskiyar ita ce atisayen ciki yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya narkar da kitsen wurin shi kaɗai. Wannan sai an haɗa da gyaran cin abinci da tafiya ko gudu.

Jiki zai yi tsami kwana ɗaya zuwa uku bayan ajin farko, kuma wannan yakan wuce da kansa. Amma ciwo mai suka, ko wanda ke sauka zuwa ƙafa, ko sagewar ƙafa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, alamu ne na a dakata nan take a nemi likita.